Kututturen da Bai Mutu Ba

Duk lokacin da aka tayar da zancen rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, hankali yakan tafi kan motoci masu amfani da lantarki da manyan tarurrukan shugabanni. Yau gona za mu je, a jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, inda iyalai manoma suka yi gagarumin aiki da adda da gatari kawai.

A 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ya sha dasa itatuwa a yankin suna mutuwa, ya lura da abin da kowa ke takawa ya wuce. 'Yan tsirran da manomi ke sharewa kowace bazara toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare tuntuni, saiwarsu na nan da rai a cikin ƙasa. Daga nan aka samu dabarar da manoma ke kira sassaben zamani. Manomi zai tsaya kan kututturen kalgo ko sabara ko gawo, ya zaɓi 'yan rassan da suka fi ƙwari da miƙewa, ya datse sauran ya kai gida a hura wuta. Babu rainon iri, babu ban ruwa. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a kan hekta kusan miliyan 5, akasari a Maraɗi da Damagaram. Kowace bishiya cikinsu tana zuƙar iskar kabon tana adanawa a jikinta da ƙasar da take tsaye a kai.

To, amma datse reshe shi ne mafi sauƙi a cikin al'amarin. Abin da ya raya itatuwan nan shi ne yarjejeniyar da ke tsakanin maƙwabta, kuma tarihi ya ba da shaida. A yunwar 1984 an riƙa ba da abinci ga duk wanda ya bar itatuwa a gonarsa. Da tallafin ya ƙare, mafi yawan itatuwan suka sha gatari. Laifin manomi ne? Dokar gandun daji da aka gada daga Turawan Faransa ta mai da itace mallakar hukuma, ko da a tsakiyar gonarka ya tsiro, ka taɓa shi a ci ka tara. Wanda ya daure ya raina bishiya shekara uku kuwa, yana iya wayar gari ya tarar wani ya sare ta cikin dare. Sai da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata abin da ya raina nasa ne, sannan garuruwa irin su Ɗan Saga a yankin Aguie suka kafa kwamitocin sa ido, da maza da mata da makiyaya a ciki, suka yanke hukuncin wanda aka kama yana sara ba izini, sai lamarin ya zauna da gindinsa. Gida ɗaya ba ya iya gadin gona dare da rana, amma gari yana iyawa.

Wani zai ce, ina ruwan talakan Maraɗi da hayaƙin duniya, alhali Afirka gaba ɗaya abin da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 ba? Maganarsa na kan hanya, kuma sassaben zamani bai sauke wa ƙasashe masu masana'antu nauyinsu ba ko kaɗan. Sai dai manoman nan ba don duniya ta gode musu suka bar itatuwa ba. Sun bar su ne domin iskar farkon damina ta daina binne shuka da rairayi har a sake shuka sau biyu ko uku, domin awaki su samu ganye da 'ya'yan gawo a rani, domin uwargida ta samu itacen girki a bakin gari maimakon tafiyar yini. Ragin kabon ribar ƙafa ce, shi ya sa aikin ya ɗore ba tare da albashin kowa ba.

Akwai kuma tsohon tsoron cewa inuwa tana kashe gero, bishiya kuma tana tara tsuntsaye. Ga wasu itatuwa haka ne, shi ya sa ake rage musu rassa. Gawo kuwa nasa halin daban ne: da damina yake zubar da ganye, rana ta samu hatsi, ganyen ya zama taki, sai da rani ya yi kore. Duk manomin da ya ga zangarniyar da ke ƙarƙashin gawo ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Inda gizo ke saƙar yanzu shi ne birni. Maraɗi da Yamai suna ƙara cika, yawancin gidaje da itace suke girki, kuma kwamitin ƙauye ba shi da iko kan motar da ta zo lodi daga nesa da takardar izini a hannu.