Daga Alƙahira Zuwa Cape Town a Kan Keke: Wa Hanya Ta Buɗe Wa?

A farkon shekarar 2003 wasu mutum 33 suka tsaya da kekunansu a gindin dalar Giza, bayan birnin Alƙahira, suka ce sun nufi Cape Town, can ƙarshen kudancin Afirka. Wani ɗan Kanada mai suna Henry Gold, wanda ya daɗe yana aikin agaji a nahiyar, shi ya haɗa ayarin, ya sa masa suna Tour d'Afrique. Wata huɗu suka kwashe a kan sirdi, suka ci tafiyar da ta kusa kilomita 11,000. A wancan lokaci abin ya yi kama da ganganci. Kafin a ce me, hanyar ta yi suna a wurin masu yawon duniya: Masar, Sudan, Habasha, Kenya, Tanzaniya, Malawi, Zambiya, Botswana, Namibiya, sai Afirka ta Kudu. Wasu suna bin ta cikin ayari, motar abinci na biye da su. Wasu su kaɗai, wasu miji da mata, har da dattawan da suka yi ritaya. A 2015 wani ɗan Birtaniya, Mark Beaumont, ya ratsa ta cikin kwana 41.

Masu tafiyar sukan ce juriya ce ta kai su, kuma ba ƙarya suke yi ba. Amma juriya ta daɗe a duniya. Tun tsakanin 1884 da 1886 Thomas Stevens ya zagaya duniya a kan keken dā mai ƙatuwar tayar gaba, a 1963 kuma Dervla Murphy ta tashi daga Ayilan ta isa Indiya. Irinsu a dā ɗaiɗaiku ne. Abin da ya sa aka yi yawa yanzu yana wani wuri daban.

Kwalta ce ta fara sauya lissafin. Ayarin farko sun sha wuya a wurare biyu: hamadar Nuba daga Wadi Halfa zuwa Dongola a arewacin Sudan, da hanyar Moyale zuwa Isiolo a arewacin Kenya. A ta farko rairayi ne ke haɗiye taya, dole mutum ya sauka ya yi ta turi cikin rana. A ta biyu duwatsu ne da gargada, ga fargabar 'yan fashi. Duka biyun an shimfiɗa musu kwalta daga baya. A 2014 aka buɗe iyakar ƙasa tsakanin Masar da Sudan a Ƙustul, aka huta da jiran jirgin ruwan da ke tashi daga Aswan ya ratsa tafkin Nasser. Ba don masu keke aka yi waɗannan ayyuka ba, an yi su ne don manyan motocin kaya da kasuwanci, sai mai keke ya tsinci dami a kala.

Wayar hannu ta ƙarasa sauran aikin. Taswira tana cikinta ko da babu intanet. Akwai manhajoji irin su iOverlander, inda waɗanda suka riga wucewa ke rubuta inda ake samun ruwa, da inda za a kafa tanti ba a kore mutum ba, da shingen da jami'ansa ke da tsanani. Akwai Warmshowers, ƙungiyar da masu keke ke saukar da junansu kyauta. A Kenya da Tanzaniya ana biyan kuɗin shayi da M-Pesa. Kuma wayar nan ita ce shagon matafiyin: yana ɗora bidiyo a YouTube da Instagram, mabiya suna turo gudummawa, kamfanonin kayan keke suna ba shi kaya don talla. Tafiyar da a dā take cin dukiyar mai ita, yau tana iya ciyar da shi.

Akwai kuma gajiya da zaman ofis a Turai da Amurka, da damuwa kan hayaƙin jiragen sama, da kullen korona na 2020 da ya mayar da mutane da yawa kan keke. Waɗannan ba sa buƙatar dogon bayani.

Abin da ba a cika faɗa ba, kuma a ganina shi ne ginshiƙin lamarin, shi ne karamcin talakawan da ke bakin hanya. Dubi keken irin wannan matafiyi: jakunkuna biyu a gaba, biyu a baya, tanti ɗaure a bayan sirdi, ƙaramin risho, famfo, kayan faci, da gorunan ruwa. Duk dabararsa, ruwan da zai iya ɗauka ba zai wuce na kwana ɗaya ko biyu ba a cikin zafin hamada. Sauran yana hannun mutanen da bai taɓa gani ba. A ƙauyukan Nuba da ke bin gaɓar Nilu, randunan ƙasa ne jere a ƙarƙashin rumfa a bakin titi, moɗa rataye a gefe, wani ya cika su da safe saboda Allah, bai san wanda zai sha ba. Mai keke ya tsaya, kafin ya gama share gumi an miƙo masa shayi, an turo kwanon wake da mai da burodi, idan ya ciro kuɗi a ji haushinsa. Ba mamaki da matafiya da yawa suka riƙa cewa Sudan ce ƙasar da ta fi kwanta musu a rai a duk tafiyar. Da kowane ƙauye zai ce sai an biya kuɗin ruwa da makwanci a kan farashin otal, da rabin masu wannan tafiya ba su fito daga gida ba.

To me tafiyar ta jawo wa masu masaukin? Akwai amfani, kuma bai kamata a raina shi ba. Baƙon da ya sauka daga jirgi aka ɗauke shi zuwa gandun dajin Serengeti, kuɗinsa yakan tsaya ne a hannun kamfani da babban otal. Mai keke kuwa yawanci ba ya wuce kilomita ɗari ko ɗari da 'yan kai a yini, ga yunwa kamar ta manomi a tsakiyar damina. Dole ya tsaya wurin mai ayaba, da mai tuyar ƙwai, da mai faci, da ƙaramin masauki a garin da ba ya cikin littafin yawon buɗe ido. Kuɗin ba su da yawa, amma suna faɗawa inda ba a saba ganin su ba. Gidauniyar Tour d'Afrique ma ta riƙa raba kekuna ga ma'aikatan lafiya da ƙungiyoyin al'umma a ƙasashen da ayarin ke ratsawa. Sannan wanda ya kwana a gidan mutane, ya ci tuwonsu, ba zai koma gida da irin labarin Afirka da ya saba ji a talabijin ba. Gani ya kori ji.

Sai dai akwai inda abin ke sosa rai. Mutumin da kekensa kaɗai ya fi abin da mai masaukinsa ke samu a shekara, ya zo yana alfahari a bidiyo cewa ya ratsa ƙasa guda bai kashe ko sisi ba, wannan ba bajinta ba ce, cin gumin talaka ne. Haka ɗaukar hoton yara da mata ba da izini ba, a baza su a intanet don neman mabiya. A wasu sassan Habasha matafiya sun daɗe suna kukan yara na bin su da roƙo, wani lokaci har da jifa. Laifin jifa ba ya goguwa, amma ya kamata a tambaya wa ya fara koya wa yaro cewa baƙo yana nufin alewa da kuɗi.

Haɗarin tafiyar kuma ba zaki ba ne, ba giwa ba. Mota ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa Afirka ce ke kan gaba wajen yawan mace-macen haɗarin hanya idan aka auna da yawan jama'a. Kwaltar da ta sauƙaƙa wa mai keke tafiya ita ta ba direban tirela damar sakin wuta, kuma yawancin titunan ba su da gefen da keke zai raɓe. Wannan ya fi shafar ɗan ƙasa da ke dakon gawayi ko jarkokin ruwa a kan kekensa kullum, wanda ba shi da hular kwano, ba shi da inshora.

Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan: hanyar ba ta buɗe wa kowa daidai ba. A 2023 wani matashi ɗan ƙasar Gini, Mamadou Safayou Barry, ya hau keke ya nufi jami'ar Azhar a Masar saboda ba shi da kuɗin jirgi. Ya bi ta Mali, Burkina Faso, Togo, Benin da Nijar, ya yi tafiyar kimanin kilomita 4,000 cikin wata huɗu kafin ya isa Chadi. Sau uku aka tsare shi, biyu a Burkina Faso, ɗaya a Togo. A Chadi ne labarinsa ya bazu, masu alheri suka haɗa masa kuɗin jirgi, ya sauka Alƙahira a watan Satumba, jami'ar ta ba shi gurbin karatu kyauta. Ba na musun cewa jami'an tsaro a yankin Sahel suna da dalilin tsoro. Amma ƙasashen da aka tsare shi duk suna cikin ECOWAS a lokacin, ƙungiyar da tun 1979 ta amince da 'yancin zirga-zirgar jama'arta. Bature ya zo da keke da tanti, a ce ɗan yawon buɗe ido ne, jami'i ya nemi su ɗauki hoto tare. Ɗan Afirka ya zo da kaya iri ɗaya, a fara tambayarsa wa ya aiko shi. Idan kuma ya yi sha'awar ratsa Faransa ko Jamus a kan keke, zancen yakan mutu tun a layin neman biza.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin doguwar tafiya ba baƙuwarmu ba ce. Kakanninmu sun taka daga Kano da Sakkwato, suka bi ta Borno da Wadai da Darfur zuwa gaɓar Bahar Maliya don sauke farali, wasu suka yi shekaru a hanya, wasu suka zauna a Sudan, garin Mai Wurno shaida ne. Randunan da Turawa ke yabo a yau, irinsu ne suka shayar da waɗancan alhazai. A ƙarshen 2022 ma wani matashi daga Jos ya isa Saudiyya bayan doguwar tafiya a kan keke.

Yanzu ita kanta hanyar Alƙahira zuwa Cape Town tana rufewa. Yaƙin Tigray ya ɓarke a Habasha a watan Nuwamban 2020, na Sudan kuma ranar 15 ga Afrilun 2023. Masu keke sun daina bi ta nan, sai su tsallake da jirgin sama su ci gaba daga Gabashin Afirka. Su sun sauya taswira sun wuce. Mutanen Sudan da suka shayar da su ba su da inda za su tsallake, miliyoyinsu sun rasa matsuguni. Duk wanda ya taɓa cin waken ƙauyukan nan ya yi suna da labarinsu, akwai bashi a wuyansa, kuma yanzu ne lokacin biya, da bakinsa da aljihunsa.

Gwamnatocinmu ma akwai nasu. Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a a 2018, amma shekara biyar bayan haka ƙasashe huɗu kacal suka tabbatar da ita: Mali, Nijar, Ruwanda, da Sao Tome da Principe. Benin, Gambiya, Seychelles da Ruwanda sun cire wa 'yan Afirka biza, kuma sama ba ta faɗo ba. Ina kira ga sauran, Najeriya a sahun gaba, su bi sawu, su kuma ja kunnen jami'ansu na kan iyaka da na shingaye, domin yaron da ya taso daga Zinder ko Tamale da kekensa ya samu irin tarbar da ake yi wa wanda ya taso daga Berlin.