Makiyayin da ya ajiye dukiyarshi hannun mutane

Cikin kakar bana Allah ya yi wa wani dattijon makiyayi rasuwa a gundumar Dakoro, jahar Maradi. Bafillace ne mazaunin kwarin Tarka, mai shanu da awaki da ƴar gonar hatsi. Yara da manya Baffa suke ce mishi, mu ma haka za mu kira shi. Mun ga ya kamata mu ba ku labarinshi, domin manyan fari uku sun same shi da garke a hannu, kuma ko wane ya wuce ya bar shi da abin tatsa. Mai kiwo ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

An haifi Baffa zamanin mulkin Faransa. Ran sunanshi ubanshi ya nuna wata karsana ya ce ta jariri ce, kamar yadda Fulani suke yi wa ɗiyansu. Daga wannan karsana garkenshi ya taso. Yana ƙarami ya fara tsaron maruƙa kusa da ruga. Da ya yi ƙarfi aka ba shi aikin rijiya. Rijiyoyin wannan yanki suna da zurfi ƙwarai, takarkari ke jan igiya, yaro na kora shi, babba na bakin rijiya yana karɓar guga yana zubawa cikin kwami. Da rani, tun asuba ake farawa, wata rana sai azahar garke ke gama sha.

Yana saurayi Nijar ta samu ƴancin kai a 1960. A 1961 gwamnati ta yi dokar da ta sa iyakar noma daga arewa, ta bar abin da ke bayan iyakar don kiwo. A yankin Dakoro kwarin Tarka ne mutane suka sani da wannan iyaka. A 1962 kuma aka fara babban aikin allurar rigakafin bushiya, ciwon da ke share garke cikin ƴan kwanaki. Makiyaya da yawa sun gudu daji da shanunsu, suna tsoron ƙidaya ce ta jangali. Uban Baffa ya kai nashi, aka yi musu allura, aka yi musu alama ga kunne. Baffa ya riƙe wannan hali har tsufanshi, bai taɓa ɓoye bisashe ga ma'aikatan kiwo ba. Ya kuma rayu har ya ji labarin da aka bayar a 2011, cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya.

Farin 1973 ya same shi magidanci da garke babba. Ruwa ya yi ƙaranci shekaru a jere, ciyawa ba ta fito ba. Dillalai sun zo tun kaka suna taya shanu da kuɗi masu kyau, ya ƙi. A lokacin, sayar da saniya mai lafiya abin kunya ne ga makiyayi. Ya zauna yana jiran sauƙi har bazara ta matso, sannan ya kora garke kudu. Shanun sun riga sun rame, suka dinga faɗuwa bisa hanya. Waɗanda suka kai kasuwa, ko buhun hatsi ba su saye ba. Ya komo gida da shanu biyar.

Abin da ya tashe shi, habbanaye ne. Ga wanda bai sani ba, habbanaye al'adar Fulani ce: mai shanu ya ba ɗan uwa ko aboki aron karsana. Wanda aka ba ya kiwata ta, ya sha nononta, har ta haifu sau biyu ko uku, gwargwadon yadda suka shirya. Maruƙan nashi ne, uwar kuwa ya mayar wa mai ita. Uban Baffa ya ba da irin wannan aro ga mutane da dama kafin ya rasu, kuma wasu cikinsu sun yi kudu da wuri, shanunsu suka tsira. Da ruwa ya dawo, sai ga su ɗaya bayan ɗaya suna maido da shanun marigayi. Wasu ma suka ƙara mishi da aron tasu karsana. Daga nan Baffa ya gane cewa saniyar da ke hannun mutum mai amana ta fi wadda ke ɗaure ƙofar gida tsira, domin fari ba ya cin ƙasa duka daidai. Tun daga wannan shekara, duk sa'ad da garkenshi ya ƙaru sai ya fitar da karsana ya ba wani. Bai tsaya ga danginshi kaɗai ba, har Hausawa manoma da Buzaye sun riƙe bisashenshi.

Ya kuma koma ga awaki, waɗanda da can yake rainawa. Lissafinshi mai sauƙi ne. Akuya wata biyar take ɗaukar ciki, sau da yawa ta haifi biyu, kuma tana rayuwa da ganyen itace inda saniya ba ta samun abin ci. Saniya kuwa wata tara take yi, kuma karsana kan kai shekara huɗu kafin haifuwar fari. Da kuɗin bunsuru da na ƴan awaki ya dinga sayen hatsi da tufafin iyali, ya bar shanun suna hayayyafa.

Sai ga 1984, shekarar da mutanenmu suke kira El Buhari, domin lokacin ne Najeriya ta rufe iyakokinta zamanin mulkin Janar Buhari, hatsi ya daina shigowa yadda aka saba. Wannan karo Baffa bai jira ba. Tun da ya ga damana ta tsaya ciyawa ba ta kai ƙauri ba, ya kai tsofaffin shanu da bajimai kasuwar Sakabal suna da sauran nama. Ya sayi hatsi ya cika rumbu, ya sayi dusa. Sauran garken ya raba biyu, ƙanenshi ya yi kudu da rabi tun kaka, shi ya zauna da masu tatsa. Wasu sun yi mishi dariya, suna cewa Baffa ya koma dillali. Da bazara ta zo, masu dariyar sun zo gidanshi neman tiyar hatsi, kuma bai hana su ba. Ya yi hasara shi ma, amma iyalinshi ba su watse ba, ba wanda ya tafi birni bara.

Cikin gida, Baffa mutum ne mai kiyaye haƙƙi. Matanshi biyu ko wace da shanun da take tatsa. Nono da man shanu na mace ne, ita ke kai su gari ta samo hatsi, gishiri, sabulu da abin adonta, kuma bai taɓa sa hannu cikin wannan kuɗi ba. Ko wane ɗa, namiji ko mace, ya samu karsanarshi ran suna. Ko cikin matsi, ba ya sayar da saniyar yaro sai ya kira uwar yaron sun yi shawara. Ɗiyanshi mata sun tafi gidajen aurensu da shanunsu. Da wanshi ya rasu ya bar marayu uku, ya ɗauko su, ya ware shanun ubansu da shaidu, ya kiwata su har marayun suka girma ya danƙa musu. Cikin yaran gidan, wasu ya bari ga garke, wasu ya sa su lakkwal a Dakoro. Yakan ce gida ma kamar garke ne, ba a kai shi duka mashaya guda.

Tsakaninshi da manoma akwai tsohuwar ma'amala. Bayan an kwashe amfanin gona, hukuma ta saki gonaki, yakan sauka gonar wani abokinshi Bahaushe. Shanu su ci kara su bar taki, mai gona ya ba shi dammunan hatsi. Haka ubanninsu suka yi, haka su ma suka yi. In shanunshi sun yi ɓarna, shi da kanshi yake zuwa wurin mai gona kafin a kira shi gaban maigari. Ya ga inda rashin haƙuri ke kai mutane: a 1991, a Toda cikin jahar Maradi, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutane fiye da 100, akasarinsu mata da yara. Don haka, da aka yi dokar tsarin karkara a 1993, aka fara kafa kwamitocin kula da filaye, Baffa na cikin dattawan da suka bi ma'aikata suna nuna musu inda tsofaffin burtali suka bi don a kafa musu alama. Ya sha faɗa wa matasan ruga cewa burtalin da aka sa wa alama ya fi sanda kare garke.

Farin 2010 ya same shi da tsufa, ɗiyanshi ke riƙe da garke. Shanu da yawa sun mutu arewacin Dakoro wannan shekara. Daga bisa tabarma ya tilasta musu su sayar tun da wuri, su raba garken, su nemi ƴaƴan gawo da dusa don masu tatsa. Sun bi maganarshi suna gunaguni, kuma sun gode daga baya. A wannan shekara ce kuma gwamnati ta yi dokar kiwo da ta amince cewa yawon neman ciyawa haƙƙin makiyayi ne.

Yanzu magana ta koma hannun magada. Kafin a raba gado sai an tattara bisashen da ke hannun mutane, kuma ba takarda ko guda, shaida kawai da amana. Har yanzu ba a ji wanda ya yi musu ba. Amma cikin ɗiyan akwai masu son a karɓo komai, a raba, kowa ya sayar da rabonshi ya sayi babur ko ya buɗe shago. Akwai kuma masu cewa a ba kowa haƙƙinshi yadda shari'a ta ce, amma a bar shanun aro su cika wa'adinsu inda suke. Ba mu da ikon yanke musu hukunci. Abin da za mu tuna musu shi ne, gonaki sun riga sun haura iyakar 1961, makiyaya na raguwa, kuma wani fari zai zo ko ba daɗe ko ba jima. Ran nan, wanda ubanshi ya bar mishi mutane zai samu inda zai kora saniyarshi.

Ku ma ƴan uwa makiyaya da manoma masu ƴan bisashe bayan gida, ku duba ciyawar bana tun yanzu, ku yi lissafi tun dabba tana da nama. Wanda Allah ya hore ma karsana biyu, ya tuna da maƙwabcin da ba shi da ko ɗaya.

Allah ya jiƙan Baffa, ya sa ya huta, ya ba iyalinshi haƙuri da haɗin kai. Amin.