Rawar da Cibiyoyin Al'adu Suke Takawa Wajen Zaunar da Samari 'Yan Latino a Jami'o'in Amurka

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce duba yadda cibiyoyin al'adu na jami'o'in Amurka suke sa ɗalibi namiji ɗan Latino ya ji shi ma ɗan gida ne a makarantarsa. Da muka ce 'yan Latino, muna nufin mazauna Amurka waɗanda asalinsu ya fito daga Meksiko da Puerto Rico da Kuba da sauran ƙasashen Latin Amurka. Ƙidayar 2020 ta nuna sun kai miliyan 62, watau kusan kashi 19 cikin ɗari na jama'ar ƙasar. Sai dai kuma 'yan matansu sun fi samarinsu shiga jami'a da kammala digiri, abin da ya sa Victor Sáenz da Luis Ponjuán suka rubuta maƙala a 2009 suna jan hankali ga yadda samarin ke ɓacewa daga ilmi mai zurfi. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, amfanin cibiyar yana cikin damar da take ba saurayi ya shiga jami'a ba tare da ya rabu da gida ba, ya kuma sami taimako ba tare da ya ji girmansa ya zube ba.

2.0 Asalin Cibiyoyin

Gwagwarmayar ɗalibai ce ta haifi waɗannan cibiyoyi. A watan Maris na 1968 dubban 'yan sakandare a gabashin birnin Los Angeles suka fice daga azuzuwa don nuna rashin yarda da irin karatun da ake ba su. A watan Afrilu na 1969 kuma aka yi taro a Jami'ar Kalifoniya ta Santa Barbara, inda aka tsara buƙatun 'yan asalin Meksiko game da ilmi mai zurfi, aka kuma kafa ƙungiyar ɗalibai ta MEChA. Sa'an nan cibiyoyi suka biyo baya: Jami'ar Indiana a 1973, Jami'ar Illinois ta Urbana-Champaign a 1974, Jami'ar Stanford a 1978. Biyun farko an raɗa musu suna La Casa, watau "gida" da Sifaniyanci, kuma sunan da kansa ya bayyana abin da ɗaliban suka rasa.

3.0 Ma'anar Zama Ɗan Gida

Ra'in Vincent Tinto, wanda ya fara fitowa a 1975, ya ɗauka cewa ɗalibi yana ɗorewa a jami'a gwargwadon yadda ya saje da rayuwarta, kuma a littafinsa na 1987 ya sa rabuwa da tsohuwar al'umma a matakin farko na wannan sajewa. Sylvia Hurtado da Deborah Carter sun sake duba batun a 1997 a kan ɗalibai 'yan Latino. Sun gano cewa shiga ƙungiyoyin addini da na hidimar al'umma yana da alaƙa da jin zama ɗan gida, yayin da jin ana ƙyamar mutum saboda asalinsa yake rage shi. Ke nan riƙe asali bai hana ɗalibi zama a jami'a, sau da yawa ma shi ne abin da yake zaunar da shi.

4.0 Saurayi da Cibiya

Abubuwa biyu ne suka fi matsa wa saurayi. Na farko shi ne familismo, watau fifita haƙƙin iyali, wanda kan sa ya haɗa karatu da aikin neman kuɗi, ko ya ajiye karatun ɗungurungum. Na biyu shi ne machismo, tarbiyyar da ke koya masa cewa namiji ba ya kai kuka. Saurayin da ya faɗi jarrabawa yakan gwammace ya yi shiru da ya je ofishin ba da shawara, alhali ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Cibiya takan warware wannan ta hanyoyi uku. Da fari, shigarta ba ta buƙatar dalili. Mutum ya zo cin abinci ne ko hira da Sifaniyanci, a cikin hirar sai maganar tallafin karatu ko darasin da ya gagara ta fito. Na biyu, a nan yake ganin na gaba da shi, ɗalibin ajin ƙarshe ko malami mai asali irin nasa, wanda ya san hanya. Baƙo kuwa ko da ido makaho ne. Na uku, cibiya takan ɗora masa nauyin wasu. Miguel Arciniega da abokan aikinsa sun nuna a 2008 cewa mazantakar 'yan Latino tana da wata fuska, caballerismo, watau dattako da kula da na ƙasa. Shirin Project MALES da aka kafa a Jami'ar Teksas ta Austin a 2010 ya sa ɗaliban jami'a suna yi wa yara maza na makarantun gari jagora. Wanda ake jira ya zo ya jagoranci wani, da wuya ya ɗauki kansa baƙo.

5.0 Kammalawa

Masu suka suna cewa cibiyoyin suna ware ɗalibai daga sauran 'yan'uwansu. Wannan ra'ayi ya sami ƙarfin doka a jihar Teksas, inda dokar SB 17 ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2024, Jami'ar Teksas ta Austin kuma ta rufe cibiyarta ta al'adu daban-daban. A shekarar ce Jami'ar Utah ita ma ta rufe wasu cibiyoyinta bisa wata doka makamanciyar wannan. A ganinmu, duk jami'ar da ta rufe cibiya, tilas ta tanadi wani wurin da zai ɗauki ayyukan nan uku da muka zayyana, domin buƙatar saurayin tana nan. Aikin da ke gaban manazarta shi ne bin diddigin ɗorewar waɗannan samari a jami'o'in da suka rufe cibiyoyinsu, a kwatanta da waɗanda suka bar nasu a buɗe.