Daga Lafiya zuwa Mile 12: yadda za ka zana tafiyar kasuwancinka a takarda

Yawancin rigimar da nake gani tsakanin masu sayen doya a Lafiya da abokan hulɗarsu na Kudu ba ta sata ba ce. Kaya ne ke bi ta hannun mutum biyar ko shida, kuma kowa iyakar nasa ɓangaren ya sani. In doya ta iso Legas da rauni ko lissafi ya ƙi cika, sai a shiga zargin juna, har zumuncin shekaru ya lalace. Maganin da nake ba 'yan'uwa shawara a kai mai sauƙi ne: a zana tafiyar kayan a takarda, tun daga kasuwa har kuɗi su dawo.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A 1921 wasu miji da mata 'yan Amurka, Frank da Lillian Gilbreth, suka gabatar wa ƙungiyar injiniyoyi tsarin zana matakan aiki don a gano inda ake ɓata lokaci. Yau bankuna da manyan kamfanoni na amfani da wani tsari mai suna BPMN, wanda ya fito a 2004. Amma kai ba ka buƙatar kwamfuta, biro da bayan kwali sun isa.

Alamomi huɗu ne kawai. Da'ira mai kama da ƙwai ita ce farko da ƙarshe. Akwati aiki ne guda ɗaya, kamar "ƙirga doya". Daimon tambaya ce mai amsar e ko a'a, kuma kibiya biyu ke fita daga cikinsa. Ita kuwa kibiya tana nuna abin da ke biye.

Kafin ka fara, ja layuka ka raba takardar gida-gida, kowa da layinsa: mai saye a Lafiya, dillali, 'yan dako, direba, mai karɓa a Kudu.

Mu ɗauki misali. Maigida a Mile 12 ya turo kuɗi, nan ne farko. Akwati na ɗaya: wakili ya shiga kasuwar Agyaragu ko Assakio, ya yi ciniki ta hannun dillali, ya biya la'ada. Na biyu: an ware manya da ƙanana, an ƙirga ƙwarya-ƙwarya, wato ɗari-ɗari. Sai daimon: adadin ya yi daidai da kuɗin da aka turo? In a'a, kibiya ta koma wurin maigida ta waya kafin a yi lodi. In e, 'yan dako su loda, a sa wa kayan alama, direba ya sa hannu a takarda. Mota ta kama hanyar Akwanga, Keffi, Abuja, Lokoja har Legas. A can a sauke, a sake ƙirgawa. Wani daimon: akwai wadda ta fashe ko ta ruɓe? In akwai, wa zai ɗauki asarar? A rubuta amsar a jikin zanen tun kafin mota ta tashi, ba ranar da abin ya faru ba.

Ga inda amfanin yake. Duk wurin da kibiya ta tsallaka daga layin wani zuwa na wani, nan kaya ko kuɗi suka canza hannu, kuma nan ne asara ta fi ɓuya. To a kowane irin wannan wuri a tanadi shaida: rasit, hoto ta WhatsApp, ko alat na banki. In ka ga akwatin da ba ya cikin layin kowa, ka gano aikin da kowa ke zaton wani ne zai yi.

Shawara biyu. Ka zana yadda ake yi a zahiri, ba yadda kake so a riƙa yi ba. Sannan kada ka zana kai kaɗai a shago. Kira direba da yaranka, domin su suka san inda mota ke kwana da abin da ake biya a hanya.

Masu shinkafa ma haka: sayen shanshera, turarawa, shanya, kaiwa injin casa, cire tsakuwa, ɗinke buhu. Masu tura riɗi da agushi, ko masu bin hanyar Makurɗi zuwa Inugu da Fatakwal, sunayen akwatunan kawai za su canza.

Akwai kuma abin da ya fi asarar ƙwarya ɗaya nauyi. Kasuwanci da yawa a kan maigida kaɗai yake. Ranar da ya kwanta ciwo ko ta Allah ta kasance, 'ya'ya ba su san wa ake bi ba, wa ke bin su. Takarda ɗaya a manne a bangon shago, da hotonta a wayar kowa, tana iya riƙe sana'ar gida. Allah ya sa albarka a nema.