GADAR HAƘORI
Bayani ga Hakimai da Malaman Ofis na Ƙasar Gwandu da ta Argungu

An yi wannan 'yar takarda ne domin Hakimai da malamansu su san abin da za su gaya wa talakawa game da toshe giɓi, gama mutane da yawa ba su bambanta aikin likita da haƙorin Makka ba.

Baligi yana da haƙora 32, kowanne kuwa jingine yake da ɗan'uwansa. In ɗaya ya fita aka bar gurbinsa, sai na gefe su riƙa karkatowa sannu a hankali, wanda ke fuskantar giɓin kuma ya zazzago don ya rasa abokin karo. Daga nan tauna ta gagara, abinci ya riƙa maƙalewa, ruɓa ta shiga. In giɓin na gaba ne har magana takan canza, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga liman, ko alƙali, ko mai karanta wasiƙa a gaban Sarki.

Ɗaya daga cikin dabarun likitoci ita ce gada. Duk wanda ya taɓa ƙetare gulbi a Argungu ya san kadarko ba ya tsayawa sai bisa ginshiƙai. To, haka wannan take. Likita zai yi allurar kashe zafi, ya goge haƙoran nan biyu da ke dama da hagun giɓin har su rage kauri, sa'an nan ya ɗauki awon bakin. Da awon nan maƙerin haƙora zai zuba haƙora uku a haɗe, na ƙarfe da aka lulluɓe da tangaran, ko na tangaran zalla. Biyu na gefe kofai ne, kamar hula ake kifa su bisa waɗanda aka goge, na tsakiya shi ke cike giɓin. Sai a liƙe da wani irin siminti. Yawanci zuwa biyu ko uku ake yi, amma in ba a daɗe da cire haƙorin ba sai an jira dasashi ya warke tukuna. Ba a cire ta da dare kamar haƙoran roba.

Abin da ya kamata a lura da shi ƙwarai shi ne ginshiƙan. Haƙorin da aka goge ba ya komawa yadda yake har abada, ga shi kuma biyu za su ɗauki nauyin uku. Kamar yadda ambaliya ke cin gindin gada a fadama alhali samanta lafiya lau, haka ciwon dasashi da ruɓa ke cin ginshiƙan a ɓoye, ran nan sai mai giɓi ɗaya ya wayi gari da uku. Saboda haka likita yakan ƙi yi wa mai haƙora masu girgiɗi, ko mai ciwon sukari da bai lafa ba, ko yaron da muƙamuƙinsa bai gama girma ba. Kada a ɗauka wulakanci ne. Akwai wasu hanyoyi: haƙoran roba sun fi araha, akwai kuma dashen ƙusa cikin ƙashi, wanda Likita Branemark ya fara yi wa mutum a Suwidin cikin 1965. Wannan ba ya taɓa haƙoran gefe, sai dai tsada.

Wajen shari'a, malamai sun kafa hujja da labarin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umurce shi ya sa na zinariya. Gyara don lalura ke nan. Amma goge lafiyayyen haƙori don ado kawai, a hannun wanda bai koyi aikin ba, hasara ce tsantsa, kayan aikin da ba a dafa ba kuwa suna yaɗa ciwon hanta.

Gadar da aka kula da ita takan kai shekara 10 ko fiye. A yi asuwaki ko buroshi safe da dare, a zura zare ƙarƙashin haƙorin tsakiya a fid da abin da ya ɓuya, gama asuwaki ba ya kaiwa can. A bar fasa ƙashi da ɓare rake da ita.

A Birnin Kebbi akwai sashen haƙori a Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya. Mutumin ƙasar Argungu ya fara zuwa babban asibitin garin, su za su nuna masa inda zai dosa. Ana roƙon Hakimai su sa dagatai da masu unguwa su sanar cewa ba mai ikon yin wannan aiki sai likitan da Majalisar Likitoci ta Nijeriya ta yi wa rajista. Malamin da zai rubuta wa mutum takardar tafiya kuma ya faɗa masa ya tambayi kuɗin aikin duka, da yawan zuwan da zai yi, tun kafin a taɓa masa haƙori.