Ƙungiyoyin Tafiya na Ƙwallon Kwando a Amurka: Gyara ko Ɓarna?

Ɗalibi, wataƙila ka taɓa kallon wasan ƙwallon kwando na gasar NBA a talabijin, ka yi mamakin yadda 'yan wasan suka ƙware. A Amurka aka ƙirƙiro wannan wasa. Wani malamin motsa jiki mai suna James Naismith ne ya fito da shi a garin Springfield a shekarar 1891. A yau, yawancin yaran Amurka masu burin zama ƙwararru suna bin wata hanya da ake ta muhawara a kanta, wato ƙungiyoyin tafiya.

Ƙungiyar tafiya ba ta makaranta ba ce. Wani mai horarwa ne yake tattaro yara masu hazaƙa daga makarantu dabam-dabam, ya riƙa kai su gasa daga gari zuwa gari a ranakun Asabar da Lahadi, musamman daga watan Afrilu zuwa Yuli. Jama'a sun saba kiran wannan tsari da sunan AAU, wata ƙungiyar wasanni da aka kafa a 1888, ko da yake ba ita kaɗai take shirya gasannin ba. Kamfanonin takalma irin su Nike da Adidas da Under Armour ma suna da nasu. Gasar Nike, wadda ta fara a 2010, tana ƙarewa ne da wani babban taro mai suna Peach Jam a garin North Augusta kowane watan Yuli.

Amfanin tsarin a fili yake. Yaron da ya fi kowa a garinsu yakan haɗu da waɗanda suka fi shi, ya gane iyakar ƙarfinsa. Haka kuma masu horarwa na jami'o'i suna zuwa kallo, domin a wuri ɗaya za su ga ɗaruruwan yara. Wanda ya burge su yana iya samun gurbin karatu kyauta. Ga ɗan talaka, wannan ba ƙaramar dama ba ce.

To, ina ɓarnar take? Ta farko ita ce yawan wasa da ƙarancin atisaye. Ƙungiya tana iya buga wasa uku ko fiye a yini ɗaya, alhali ba ta samu zaman koyo sosai a cikin mako ba. Ka lura da bambancin: a lokacin wasa ƙwallo ɗaya ce tsakanin mutum goma, kuma yaro yana yin abin da ya riga ya iya ne don kada a sha kaye. A wajen atisaye kuwa, yana da ƙwallonsa, yana iya maimaita jifa ɗaya sau ɗari, ya koyi sarrafa ƙwallo da hannunsa na hagu. Shahararren ɗan wasa Kobe Bryant, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Italiya, ya soki tsarin a 2015. A ganinsa, yaran Turai sun fi na Amurka sanin tushen wasan domin an fi koya musu.

Ɓarna ta biyu ta shafi lafiya. Jikin yaro yana cikin girma, kuma yawan tsalle ba hutu yana gajiyar da gwiwa da idon sawu. Ta uku kuma kuɗi ne: na rajista, na mota ko jirgi, da na masauki. Iyaye da yawa suna kashe abin da ya fi ƙarfinsu, alhali sababbin 'yan wasa kimanin 60 kawai NBA take zaɓa a shekara.

Saboda haka ne NBA da hukumar ƙwallon kwando ta Amurka suka fitar da shawarwari a 2016. Sun ce kada yaro ya keɓe kansa ga wannan wasa kaɗai kafin ya kai shekara 14, kada ya wuce wasa biyu a yini, kuma ya huta aƙalla kwana ɗaya a mako. Tarihin Hakeem Olajuwon ya goyi bayan shawara ta farko. A Legas aka haife shi a 1963, ya fara da tsaron gida a ƙwallon ƙafa, bai shiga ƙwallon kwando ba sai da ya zama saurayi. Ƙwarewar ƙafarsa ce ta taimaka masa ya ci kofin NBA tare da Houston Rockets a 1994 da 1995.

Ashe ke nan tafiya gasa ba ita ce matsalar ba, sai in ta cinye lokacin koyo. Gasa jarrabawa ce, atisaye kuma darasi. Ɗalibin da yake rubuta jarrabawa kullum ba ya shiga aji, ai ba zai ƙaru ba. Idan wata rana aka gayyace ka cikin wata ƙungiya, kafin ka tambayi garuruwan da za a je, tambayi sau nawa ake atisaye a mako, da kuma ranar da ake hutu. Hausawa sun ce, sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi
1. Mece ce ƙungiyar tafiya?
2. Kawo amfani biyu da illa biyu na wannan tsari.
3. Me ya sa aka kwatanta gasa da jarrabawa?