Motocin Bodin Katako Da Kamfanonin Sufurin Da Suka Shuɗe

Duk inda tsofaffin direbobi suka haɗu, ko a Sabo ta Badun, ko a Shagamu, ko a bakin gadar Anacha, da wuya hira ta yi nisa ba a ambaci motocin bodin katako ba. Su ne Bedford da Austin da Morris da Leyland na Ingila, sa'an nan daga baya Mercedes 911 ta Jamus, wadda Hausawa ke kira roka. Waɗannan motoci, tare da kamfanonin da suka mallake su, sun ɗauki nauyin cinikin da ke tsakanin Kudu da Arewa shekaru da dama, kuma yadda suka tashi da yadda suka faɗi yana da darasi ga harkar sufurin ƙasar nan.

Tun farko dai jirgin ƙasa ne ke da hanya. Dogo ya isa Kano a 1911, kuma gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki mota a matsayin kishiyar jirgi, har ta ƙara wa masu motocin da ke bin hanyoyin da suka jera da dogo kuɗin lasisi. Wannan ne ya jawo yajin aikin masu motocin sufuri a 1937. Amma mota tana da abin da jirgi ba shi da shi, wato tana shiga kasuwar ƙauye, tana kuma sauke kaya a ƙofar mai shi.

Asirin ribar wannan zamani guda biyu ne. Na farko shi ne arahar mallaka da gyara. Kamfanonin Turawa su kan shigo da kan mota da ƙarfen ƙasa kawai, sai kafintocin gida su ɗora bodi da katakon dazuzzukan Kudu, mai fenti kuma ya rubuta addu'a ko karin magana a goshi. Injin ba shi da sarƙaƙiya, don haka bakanike na bakin hanya ya kan kwance shi ya mayar. Yarbawa sun kira mai ɗaukar mutane da kaya a haɗe bolekaja, ma'ana sauko mu yi faɗa, Inyamurai kuwa suna ce wa irinta gwongworo. A Ikko ma, a kan ƙarfen 911 aka gina yawancin bas-bas ɗin da ake kira molue.

Na biyu shi ne lodin dawowa. Motar da ta gangaro da shanu, wake, albasa ko busasshen kifi ba ta komawa wayam. Ta kan haura da goro, manja, katako, gishiri da kayan kanti daga tashar jirgin ruwa ta Apapa. Da yake kowace tafiya tana biyan kanta, kuɗin dakon da ke hawa kan buhu ɗaya ya kan ragu. A nan ne fatake da dillalan zango da 'yan kamasho suka zama ginshiƙi, domin su ke haɗa mai kaya da mai mota bisa amana, galibi ba tare da wata takarda ba. Shi ma direba ta hanyar zama yaron mota ya kan koyi aiki, ya yi shekaru yana ɗaure tamfol da tokare taya da guntun katako a kan hawa kafin a ba shi sitiyari.

Daga cikin kamfanonin da suka yi fice akwai na Sir Louis Odumegwu Ojukwu, mutumin Nnewi, wanda ya yi aikin akawu a kamfanin John Holt kafin ya kafa Ojukwu Transport. Motocinsa sun haɗa Ikko da Gabas tun lokacin da sai da jirgin fito ake haye Kwara a Asaba, domin ba a buɗe gadar Anacha ba sai a 1965. Daga sufuri ya kai ga zama shugaban kasuwar hannun jari ta Ikko. Ya rasu a 1966, yaƙin basasa ya biyo baya a 1967, kadarorin kamfanin kuwa sun daɗe a gaban kotu. Haka nan akwai Armels, wanda ya yi suna wajen ɗaukar wasiƙu da fasinja ta hanyar Binin, a Kano kuma attajirai irin su Alhaji Sanusi Ɗantata sun haɗa sayen gyaɗa da sufuri.

Kuɗin man fetur na shekarun 1970 sun kawo sababbin hanyoyi da manyan tireloli, suka kuma ture bodin katako zuwa hanyoyin karkara. Gwamnatin Tarayya ta shiga haɗin gwiwa aka kafa masana'antun harhaɗa manyan motoci guda huɗu: Leyland a Badun, ANAMMCO mai Mercedes a Inugu, Fiat a Kano, da Steyr a Bauci. Sai dai akasarin kayan da suke harhaɗawa daga waje ake sayo su, don haka rayuwarsu ta rataya ne a kan kuɗin musanya.

Abin da ya biyo baya sananne ne. A 1985 Naira ɗaya ta ɗara Dalar Amurka ɗaya a farashin gwamnati. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, darajarta ta yi ta zubewa, har a 1993 sai da kusan Naira 22 ake samun Dala ɗaya. Sabuwar mota ta gagari mai matsakaicin jari, taya da kayan gyara suka yi tsada, aka koma sayen motoci na hannu daga Turai. Bugu da ƙari, an rushe hukumomin cinikin amfanin gona a 1986, alhali gyaɗa ta riga ta karye tun fari da cutar da suka auka mata a shekarun 1970. Da haka lodin da ke da tabbas ya ragu.

Akwai kuma ciwon cikin gida. Yawancin kamfanonin mutum ɗaya ne, shi ne manaja, shi ne ma'aji. Ba a ware wani kaso na riba don maye gurbin motar da ta tsufa, lissafi kuwa yana cikin kan maigida. Da ya kwanta dama sai a raba motoci gado, kowane magaji ya ja biyu ko uku, suna ya ɓace.

Tun daga shekarun 2000, manyan rundunonin motoci sun fi taruwa a hannun masana'antu irin na siminti da fulawa, masu ɗaukar kayan kansu, kuma motocin Sin sun shiga kasuwa sosai. Amma abincin da ke isa kasuwar Mile 12 a Ikko ko Bodija a Badun, a kan motocin ƙananan masu sufuri ya fi dogara. Da Dala ta haura Naira 1,500 a 2024, waɗannan ne suka fara jin jiki, mai cefane kuma ya biya. Muddin ba a samar musu da bashin saye mai sauƙi, da kayan gyara na gida, da tsarin kamfani mai wuce ran mai shi ba, abin da ya ci na jiya yana nan yana jiran na yau.